Tarukan Ƙara wa Juna Sani da Tallafin Bincike ga Masu Neman Digiri na Uku a Fannin Hausa

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikin malaman da suka aza harsashin nazarin Hausa a jami'o'in Nijeriya a ƙasashen waje suka yi digirinsu na uku, kuma da Turanci suka rubuta kundayensu. M.K.M. Galadanci ya kammala nasa a Jami'ar Landan a 1969, Ɗandatti Abdulƙadir a Indiyana ta Amurka a 1975, shi kuma Ɗalhatu Muhammad a Landan a 1977. A yau kuwa, a jami'o'i irin na Zariya da Kano da Sakkwato, ɗalibi kan rubuta kundinsa da Hausa, ya kuma kare shi da Hausa. Wannan maƙala za ta dubi tarukan da irin wannan ɗalibi ke ratsawa, da kafofin tallafin da ke gabansa, da kuma abin da ya shafi malamin aji da mai tsara manhaja a cikin al'amarin.

2.0 Taron Ƙara wa Juna Sani

Adadin tarukan ya bambanta daga wata jami'a zuwa wata, amma tafarkin kusan ɗaya ne. Da farko ɗalibi zai gabatar da tsarin bincikensa a gaban malaman sashe: dalilin binciken, da farfajiyarsa, da bitar ayyukan da suka gabata, da ra'in da zai ɗora aikin a kai. Bayan ya dawo daga fagen tattara bayanai zai sake tsayawa ya bayyana abin da ya samo. Sai kariyar cikin gida, sannan ta ƙarshe a gaban mai jarrabawa na waje.

Ɗalibai da dama kan ɗauki waɗannan zaman a matsayin shingaye da za a tsallake kawai. To amma a fannin Hausa akwai wani aiki da ake yi a cikinsu wanda ba a cika lura da shi ba, wato gwajin keɓaɓɓun kalmomi. Mai nazarin kimiyyar sinadarai da Turanci ya tarar da kalmominsa a shirye. Mai nazarin Hausa da Hausa kuwa, da zarar ya ɗauko wani sabon ra'i, tilas ya ƙirƙiro wa sassansa sunaye, ko ya zaɓa daga cikin waɗanda ake jayayya a kansu. Kalmomi irin su ƙirar kalma, da ginin jimla, da ƙwayar sauti, da naso, da ganɗantawa, da jigo, da salo, waɗanda yanzu ake koyar da su hankali kwance, ba haka kawai suka zauna ba. Sai da aka yi ta cancana su a aji da zauren taro kafin kunne ya saba. Littafin Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990, ya tattara kaso mai tsoka daga cikinsu. Sai dai ilimi bai tsaya a 1990 ba. Nazarin finafinai, da adabin kasuwar Kano, da harshen kafofin sadarwa na zamani, duk sun zo da buƙatar sababbin kalmomi, kuma mafi yawan muhawarar da ake yi a kansu a tarukan ɗalibai ake yin ta.

Abin takaicin shi ne, da wuya a rubuta matsayar da aka cimma. Za a shafe sa'a guda ana tattauna kalma ɗaya, a yarje wa ɗalibi ya yi amfani da ita, ta shige kundi, kundin ya hau kanta a ɗakin karatu. Bayan shekara biyu wani ɗalibi a wata jami'a zai ƙirƙiro wata kalmar dabam domin ma'ana ɗaya. Ƙarshenta malamin kwalejin ilimi ya koyar da wannan, littafin sakandare ya zo da waccan, yaro kuma ya rasa wadda zai rubuta a jarrabawa.

3.0 Tarukan Bita

Bita ta bambanta da taron ƙara wa juna sani, domin ita koyon aiki ake yi da hannu. Abubuwan da ɗalibin Hausa ya fi buƙata sanannu ne: yadda ake ɗaukar magana a na'ura da neman izinin mai maganar, da juyar da ita zuwa rubutu ba tare da an goge karin harshensa ba, da sanya alamar karin sauti da tsawon wasali, da karanta ajami, da fitar da haruffa masu ƙugiya a kwamfuta. Haka nan akwai sanin hanyar shiga ma'adanar takardu, kamar ta ƙasa da ke Kaduna da ta Gidan Arewa. Wanda bai sami mai nuna masa waɗannan ba yakan ɓata watanni yana lalube.

4.0 Kafofin Tallafi

Babbar kafa a cikin gida ita ce asusun TETFund. Asalinsa asusun harajin ilimi ne da aka kafa a 1993, dokar 2011 kuma ta taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati. Yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai, da halartar taruka, da bincike. Sharaɗinsa a fili yake: sai mutum ya kasance ma'aikacin jami'a ko kwalejin fasaha ko kwalejin ilimi ta gwamnati, makarantarsa kuma ta gabatar da sunansa. Ma'ana, malamin Hausa na sakandare, wanda ya fi kowa sanin inda manhaja ke yi wa yara nauyi, ba ya cikin lissafi. Idan ya yi rajistar digiri na uku, daga albashinsa zai biya kuɗin makaranta da na mota da na buga takardun da zai raba a kowane zama.

Daga waje ma an sami wasu damammaki. Ƙungiyar CODESRIA mai hedikwata a Dakar ta shafe shekaru a baya tana ba da ƙananan tallafi na rubuta kundi. A 2008 majalisar ACLS ta Amurka, da kuɗin Gidauniyar Carnegie, ta buɗe wani shiri domin masu nazarin harshe da adabi da tarihi a Nijeriya da Gana da Tanzaniya da Yuganda da Afirka ta Kudu, wanda ya shafe fiye da shekara goma yana ba da tallafi tare da shirya bitar gyara rubutu. Sai dai irin waɗannan kafofi da Turanci ko Faransanci ake neman su. Ɗalibin da ya yi shekaru yana tunani da rubutu da Hausa sai ya mayar da tsarin bincikensa zuwa Turanci, kuma sau da yawa a nan ne aiki mai kyau ke rasa armashinsa. Wannan fassara fasaha ce mai zaman kanta, ya kamata sassan harsunan Nijeriya su koyar da ita kamar yadda suke koyar da hanyoyin bincike.

5.0 Rabon Mai Tsara Manhaja

Ba sai an jira sabon kasafi ba kafin a fara wasu gyare-gyare. Kowane sashe na iya naɗa magatakarda da zai riƙa rubuta kalmomin da aka amince da su a kowane zama, tare da ma'anarsu da waɗanda aka ƙi, a riƙa musayar jerin tsakanin jami'o'i, a kuma aika wa Hukumar NERDC da hukumar kula da kwalejojin ilimi a ƙarshen shekara. Haka kuma babu laifi a gayyaci gogaggen malamin sakandare ko sufeton Hausa ya zauna a taron gabatar da tsarin bincike, musamman idan batun ya shafi koyarwa. Tambayar da zai yi takan kasance mai sauƙi: yaya zan bayyana wa ɗan aji ɗaya na babbar sakandare wannan kalma? Idan ɗalibin digiri na uku ya kasa amsawa, to kalmar ba ta isa shiga manhaja ba tukuna.