Murhun Lantarki Da Harafin E: Abin Da Ke Hana Shi Girki A Kura

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa gangarowa ta magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, ƙasar nan ba ta rasa abin sa wa a tukunya ba. Shinkafa da alkama da tumatir duk a ƙofar gida suke. Abin da ya yi wuya shi ne wutar da za a dafa su. Itace ya yi nisa, kananzir da gas kuwa sun yi tashin gwauron zabo tun daga 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur kuma darajar Naira ta faɗi. Wannan ne ya sa wasu ma'aikata da ɗalibai suka koma ga wani ɗan murhun lantarki mai fuskar gilashi, wanda galibi daga ƙasar Sin ake shigo da shi, ana kuma samunsa a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

To, amma sau da yawa murnar ba ta daɗewa. Uwargida za ta ɗora tukunya ta danna maɓalli, sai murhun ya yi ɗan kuka, harafin E ya fito tare da lamba, daga nan ya yi shiru. Maigida ya dawo daga ofis ya tarar ba a sauke ba, sai a yanke hukunci cewa ɗan kasuwa ya yi cuta, a tura murhun ƙarƙashin gado. Alhali kuwa galibi lafiyarsa ƙalau. Harafin nan sanarwa ce cewa ya ga abin da zai iya lalata shi, ya tsaya don ya kare kansa.

Shi wannan murhu ba ya yin ja kamar tsohon murhun lantarki mai waya. A ƙarƙashin gilashin akwai naɗin wayar tagulla, wadda idan lantarki ya ratsa ta sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai juyawa da sauri, shi kuma ya zafafa gindin tukunyar kai tsaye. Tushen ilmin tsoho ne, domin Michael Faraday ya gano shi a Ingila tun 1831. Sharaɗinsa ɗaya ne: sai tukunyar ta kasance ta ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa.

Nan ne ake fara samun tangarɗa a Kura. Tukunyar da kowane gida ya dogara da ita, watau ta dalma wadda maƙera ke zubawa da narkakken alminiyum, maganaɗisu ba ya kama ta, ballantana tukunyar ƙasa. Murhun sai ya ɗauka ba a ɗora masa kome ba, kuma a yawancin ƙananan murahun nan alamar haka ita ce E0. Gwajin ba shi da wuya: a samu maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo a kanga a gindin tukunya, idan ya manne, za ta yi. Abin dariya, tsohuwar samirar da ke jere a ɗakin uwargida ta ci wannan jarrabawa, domin ƙarfe ne a ƙarƙashin fentinta. Sai dai dole gindin ya zama shimfiɗaɗɗe, kuma tuƙin tuwo da muciya a kan gilashi kasada ce, don yana iya tsagewa, murhun da gilashinsa ya tsage kuwa ba a sake kunna shi.

Dalili na biyu ya fi wuyar magani, shi ne ƙarfin wutar. Ƙa'idar Nijeriya bolt 230 ce, amma a unguwar da gidaje da injinan casar shinkafa suka taru a kan taransifoma ɗaya, ƙarfin yakan faɗi ƙasa da haka, musamman da magariba, daidai lokacin girki. Ƙwan fitila zai jure ya yi ja-ja, murhun kuwa ba ya jurewa. Haka kuma idan wuta ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Wani kamfani yana nuna waɗannan da E1 da E2, wani da E3 da E4, saboda haka ɗan littafin da ke cikin kwali shi ne alƙali, bai kamata a jefar da shi ba. Ya kamata kuma a sani cewa murhu mai wat 2,000 yana jan kusan amfiya 9. Siririyar wayar ƙari ba ta ɗaukarsa, za ta yi zafi har ta narke. Ƙaramin janareta wanda bai kai wat 1,000 ba shi ma ba zai iya ba. Wanda zai sayi sitabilaiza sai ya nemi wadda ƙarfinta ya zarce na murhun.

Na uku shi ne zafi. A cikin murhun akwai fanka mai sanyaya kayansa, tana zuƙar iska ta ƙasa. Ƙurar hunturu da buntun shinkafa, wanda iska ke yawo da shi a garin lokacin casa, sukan toshe kafofin, kyankyasai ma kan mai da wurin gida. Ajiye shi a kan tabarma ko zane yana rufe masa numfashi. Idan ya tsaya bayan an jima ana girki, sai a bari fankar ta gama juyawa, a zare fulogi, a share kafofin da busasshen buroshi, a ɗora shi a kan tebur nesa da bango.

Idan an canja tukunya, wuta ta daidaita, murhun ya huce, amma harafin bai tafi ba, ko kuma ba a jin motsin fankar sam, to matsalar ta ciki ce, sai mai gyara. Kada maigida ya ɗauko sukundireba da kansa, domin akwai kayan da ke riƙe lantarki a ciki ko bayan an zare fulogi. In za a je wurin mai gyaran, a tafi da lambar da ta fito a rubuce, da littafin, da kuma tukunyar da aka ɗora.