Makin Aji Ɗaya Ba Ya Gogewa: Jan Kunne Ga Ɗaliban Isa Da Sabon Birni

Duk lokacin da aka buɗe shafin neman tallafin karatu, sai ka ga yaranmu na Gobir da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato sun cika shagunan intanet, kowa da takardar shaidar ƙaramar hukuma da lambar NIN a hannu. Da an zo gurbin da ake tambayar maki, sai jiki ya yi sanyi, a fito ana gunaguni wai sai mai uwa a gindin murhu. Ban ce babu son kai a ƙasar nan ba. Amma da yawansu tun a aji ɗaya suka rufe wa kansu ƙofa.

Tallafin da Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ke ba ɗaliban jami'o'in cikin gida na masu hazaƙa ne. Sai ɗalibi ya kai aji biyu yake nema, kuma makin da aka saba buƙata shi ne 4.0 cikin 5.0 a jimillar da ake kira CGPA. Wannan jimilla tarawa ake yi tun daga jarrabawar farko. A ɗauka yaro ya gama aji ɗaya da 2.5. Ko da ya cinye kowane darasi da A a aji biyu, in nauyin darussan ɗaya ne, 3.75 zai tsaya. Bai kai ba. To, wa zai zarga?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake zubar da makin a banza, ta hanyar jinkirin komawa makaranta bayan hutu. An koma tun makonni uku, yaro yana zaune a majalisa a Sabon Birni yana cewa ai ba a fara karatu sosai ba. Wa ya gaya maka? Gwaji da aikin gida da ake bayarwa kafin jarrabawa su ke ɗauke da kashi 30 ko 40 cikin ɗari na makin darasi. Wanda ya rasa su, ko ya yi ƙoƙari a jarrabawa, da ƙyar ya wuce C.

Kowa ya san halin rashin tsaro da hanyoyinmu ke ciki. Mai tasowa daga Isa ta Marnona, ko daga Sabon Birni ta Goronyo, sai ya saurari labarin hanya kafin ya hau mota. Waɗannan yaran kuma su ne suka yi sakandare cikin gudun hijira, har da katse layukan waya da aka yi a 2021. Uzuri ne na gaskiya. Sai dai tunda an san haka, me ya sa ake jira sai ranar ƙarshe? A taso da mako guda kafin a koma. In hutun gajere ne, a haƙura a zauna Sakkwato wajen ɗan'uwa. In hanya ta tsare ka da gaske, ka sanar da malamin da ke kula da ajinku a kan lokaci, kuma a rubuce, tun ba a yi gwajin ba.

Wanda ya yi sakacin komawa a kan lokaci shi ne za ka gani ana saura kwana huɗu jarrabawa yana kwana a aji, yana ɗirka wa cikinsa kofi da lemon ƙara kuzari, wani har da ƙwaya. Wani kuma ya shiga da 'yar takarda a aljihu, a kama shi, a kore shi gaba ɗaya.

Iyaye, ku ma da laifinku. "Ya karatu?" "Alhamdu lillahi, Baba." Shi ke nan an gama bincike. Ku ce ya nuna muku sakamakon kowane zango, in ba ku iya karantawa ku kai wa malamin makaranta na unguwa ya duba. Kuma kada ku mayar da yaro jari, kuna yi masa gorin ɗan wane ya samu tallafi. Tsoron gorin nan ne ke sa su ɓoye darussan da suka faɗi har abin ya kai ga kora.

Wanda makinsa bai kai ba, ya duba bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Babu ruwa a kansa, ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, a ba shi naira 20,000 a wata. Amma bashi ne, kuma za a fara karɓarsa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa.