Ƙa'idojin Gini a Masarautar Gumel: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Haƙa Harsashi

A duk shekara, da zarar damina ta yi nisa cikin watan Agusta, labarin rushewar ɗakuna yakan yawaita a ƙauyukanmu. A shekarar 2022 Jigawa ta kasance cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rasu ɗakunan ƙasa ne suka rufta musu. Ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ba sa bakin Kogin Haɗeja kamar Ringim ko Auyo, don haka wasu ke ɗauka cewa lamarin bai shafe su ba. A nan ruwan sama ne ke yin ɓarnar, idan ya rasa hanyar wucewa ya kwanta a gindin bango. Bisa wannan dalili muka ga ya dace mu yi wa al'umma bayanin wanda ke da alhakin kula da gine-gine, da matakan da mai gini zai bi.

Abu na farko shi ne fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba ƙasar jiha gida biyu. Duk yankin da Gwamna ya ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashin ikonsa kai tsaye, sauran kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya a kansu, domin noma ko kiwo ko zama. Tsara garuruwa kuma hurumin jiha ne, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2003 a shari'ar da Jihar Legas ta shigar a kan Gwamnatin Tarayya. Saboda haka mai son gini a cikin gari yana da hulɗa da Hukumar Raya Birane ta Jiha, mai gini a ƙauye kuma zai fara ne daga sakatariyar ƙaramar hukumarsa, wajen jami'in filaye da sashen ayyuka.

A nan ne mutane da dama ke yin kuskure. Takardar ciniki da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu shaida ce cewa an sayi fili, kuma tana da amfani ranar da rigima ta taso. Sai dai ba ita ce izinin gini ba. Ba ta nuna ko fulotin ya ci hanya, ko yana kan magudanar ruwa, ko kuwa tsohon kududdufi ne da aka cike da shara. Irin wannan wuri yakan yi araha, ya kuma yi kyau da rani, amma ƙasarsa ba ta zauna ba, kuma ruwa ba ya mance hanyarsa. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin tituna da magudanan ruwa da kasuwanni da tashoshin mota, don haka idan jami'i ya hana a toshe lambatu da katanga, aikinsa yake yi.

Akwai kuma layukan wutar lantarki. Ƙa'idar ƙasa ta keɓe faɗin mita 11 ga layi mai ƙarfin 11kV ko 33kV, mita 30 ga na 132kV, rabi a kowane gefe, kuma ba a yarda a yi gini a ciki ba.

Ga ginin siminti, musamman bene da shaguna da makarantu da masallatai da sauran wuraren da jama'a ke taruwa, ana buƙatar taswirar da ƙwararre mai rajista ya zana, a gabatar a amince da ita kafin a fara aiki. Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 ya fayyace aikin kowane ƙwararre, injiniyoyi kuma hukumar COREN ce ke yi musu rajista. Garin da kasuwanci ke haɓaka kamar Maigatari, inda kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis ke tara jama'a daga Nijeriya da Nijar, shi ya fi buƙatar wannan kulawa, domin a irin wurin ne ake ɗora bene a kan shagon da ba a yi harsashinsa don ɗaukar nauyi ba. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kaiwa ga ƙarfin da ake auna shi da shi. Bulon da yashi ya yi wa yawa kuwa, da hannu ma ana iya gane shi. Idan aka saɓa, hukuma na da ikon ba da umarnin dakatar da aiki, daga nan ta ba da takardar gargaɗi, rusau shi ne mataki na ƙarshe.

Mafi yawan gidajen karkara na ƙasa ne, kuma babu dokar da ta hana gini da tubali. Iyayenmu sun zauna a irinsu shekara da shekaru saboda ba sa wasa da yaɓe kafin saukar ruwa. Abin da muke kira a kula da shi shi ne a ɗaga daɓen ɗaki sama da tsakar gida, a yi wa gindin bango dakali, a gyara indararo ya zuba nesa da bango, a duba azara ko gara ta ci ta. Duba-gari na sashen lafiya su ne ke lura da inda aka haƙa masai, wanda ake so ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya.

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da su riƙa tura mai sayen fili sakatariya tun kafin ya sauke yashi. Wanda kuma ya ga bango ya tsage ko ya karkata a gidansa, ya kwashe iyalinsa daga ɗakin a ranar, sannan ya sanar da mai unguwa domin a turo jami'in ayyuka ya duba.