Darasi na 12: Tsohuwar Jitar Hawai Marar Feda

Ya kai ɗalibi, idan a Inugu kake, ko Anacha, ko Fatakwal, wataƙila ka taɓa ratsa unguwar Hausawa, wadda Ibo suke kira Ama Hausa. A can kunnenka zai sha kiɗa iri biyu. Daga rediyon mai shayi za ka ji goge ko kukuma, daga shagon maƙwabcinsa kuma ka ji tsohon kiɗan hailaif. Idan ka natsu, a wasu waƙoƙin marigayi Celestine Ukwu, mawaƙin Inugu da ya rasu a 1977, za ka ji wani amo mai taushi yana hawa yana sauka kamar muryar mai rarrashi. Amon jitar ƙarfe ke nan, wadda aka fi sani da jitar Hawai. A wannan darasi za mu duba asalinta, da abin da ya sa masana kiɗa suke ƙaunar tsohon samfurinta marar feda.

Hawai tsibirai ne a tsakiyar tekun Fasifik, yau suna cikin Amurka. A can ne, wajen 1889, wani saurayi mai suna Joseph Kekuku ya fito da wannan salo. Ya kwantar da jita a kan cinyarsa, fuskarta tana kallon sama. Maimakon ya danne tsirkiya da yatsu, sai ya riƙa zamar da guntun ƙarfe mai santsi a kanta da hannun hagu, yana kaɗawa da na dama. Daga wannan guntun ƙarfe ne jitar ta samo sunanta. Bayan wani babban baje koli da aka yi a birnin San Francisco a 1915, kiɗan Hawai ya game Amurka, daga nan fayafayan garmaho suka kai shi sauran duniya, har Afirka.

Jitar farko ta katako ce, muryarta ba ta zuwa nesa. Saboda haka maƙera suka shiga neman dabara. A 1927 kamfanin National ya fito da mai gangar jiki ta ƙarfe, wadda aka sa wa faifai uku na alminiyam a ciki don su ƙara amo. A 1932 kuma aka fara sayar da wadda George Beauchamp ya ƙirƙiro, wadda ake dangantawa da sunan Rickenbacker. An sa mata maganaɗisu da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya aika wa lasifika. Don kamanninta, ƙaramin da'ira da dogon wuya, aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Ita ce jitar lantarki ta farko da ta samu kasuwa a duniya. A 1953 kamfanin Fender ya ƙera Stringmaster, wadda akan yi wa wuya biyu, ko uku, ko huɗu, kowane da tsirkiya takwas.

To, mece ce feda? A shekarun 1950 makaɗa suka koma ga wata sabuwar jita mai abin takawa kamar na keken ɗinki. Da an taka, sai tsirkiya ta ƙara ɗaurewa ko ta saki, amo ya sauya. Irinta ce Demola Adepoju ya kaɗa wa King Sunny Ade a faifan Juju Music na 1982. Ita kuwa tsohuwar ba ta da wannan taimako. Idan makaɗi yana son wani haɗin sauti, sai ya karkata ƙarfen da wuyan hannunsa, daidai gwargwado. Ya ɗan zarce, kiɗa ya ɓaci. Kunne da hannu kaɗai ne jagoransa, shi ya sa kowane gwani yake da muryarsa, har a gane shi ba tare da an gan shi ba. Nan kyanta yake.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan sirri. Dubi goge: ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, da tsirkiya ɗaya ta tsagiya, wato gashin wutsiyar doki. Babu wata alama a jikinsa da ke nuna wa makaɗi inda zai sa yatsa. Haka ma ƙanwarsa kukuma, wadda Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka suka shahara da ita. Duk kayan nan suna iya zamewa daga sauti zuwa sauti ba tare da yankewa ba, kamar yadda muryar mutum take yi.

Wannan ya shafe ka kai tsaye, kai mai koyon Hausa. Harshen yana da karin sauti uku: na sama, da na ƙasa, da faɗau. Furta "kai" da kake kiran namiji: murya tana tsayawa a sama. Sake furta "kai" na jikin mutum: murya tana farawa a sama ta gangaro ƙasa. Wannan gangarowa ita ce faɗau, ita ce kuma abin da ƙarfen jitar Hawai yake yi. Wanda ya saba da sauraron irin wannan kiɗa, kunnensa zai fi saurin rarrabe kalmomi.

Yau fiyano mai kwaikwayon kowane amo ya cika ɗakunan kiɗa, masu koyon goge da tsohuwar jita suna raguwa. Amma maɓallin fiyano tsalle yake yi daga sauti zuwa sauti, ba ya bin hanyar da ke tsakani yadda hannun gwani yake bi. Saboda haka idan ka ga tsohon abin kiɗa ko faifan garmaho a ɗakin kakanka, kada ka bari a sayar wa 'yan gwangwan. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ma'anar kalmomi

Tsirkiya: zaren da ake kaɗawa a jikin abin kiɗa.
Amo: ƙara ko sauti.
Zame: tafi a kan santsi ba tsayawa.
Gwani: wanda ya ƙware.

Tambayoyi

1. Daga ina jitar ƙarfe ta samo sunanta?
2. Me ya bambanta mai feda da marar feda?
3. Kawo kamanni biyu tsakanin goge da jitar Hawai.
4. Nemo kalmomin Hausa uku masu faɗau, ka furta su a gaban malaminka.