Wane yaren kwamfuta ya kamata ɗan koyo ya fara da shi?

Matasanmu da dama a Agege, Idi-Araba, Sabo ta Ibadan da Fatakwal na sha'awar koyon kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni don ƙirƙirar manhaja ko shafin intanet. Sai dai da yawa kan maƙale tun wajen zaɓen yare. Yau wani ya ce Java, gobe wani ya ce C++, kafin ka ankara ka ƙona data, watanni sun shuɗe, ba ka riƙe ko ɗaya ba.

Ka fara tambayar kanka: me nake so in gina?

Idan shafin intanet ne, misali na tallar kayan shagonku, to JavaScript ne naka. Brendan Eich ya ƙirƙiro shi a 1995, kuma kowace burauza, kamar Chrome, tana fahimtarsa, don haka ba sai ka sayi wata manhaja ba. Amma ka fara da HTML da CSS, su ne ke tsara fasalin shafin.

Idan lissafin ciniki ne, ko tantance bayanai, ko ƙirƙirarriyar basira, ɗauki Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Rubutunsa gajere ne, ya yi kama da Turanci mai sauƙi. Wanda ba shi da laftof ma zai iya gwada shi a wayar Android da manhajar Pydroid 3, kodayake aikin gaske sai da kwamfuta.

Mai burin manhajar waya kuwa, Kotlin ne Google ta fifita wa Android tun 2019, amma ya fi sauƙi ga wanda ya riga ya iya wani yaren.

In har yanzu kana ruwan ido, fara da Python. Ginshiƙan kodin, irin su ajiye bayani, gindaya sharaɗi da maimaita umarni, kusan ɗaya ne a yarukan nan. In ka iya guda, na biyu ba zai wahalar da kai ba.

Kafin ka biya kuɗin makaranta, leƙa freeCodeCamp, darussansa kyauta ne. Sannan ka ɗauki ƙaramin aiki, kamar manhajar rubuta bashin kwastomomi, ka riƙa taɓa shi kullum ko na awa ɗaya ne. Mai ɗaukar aiki abin da ka gina zai nemi gani, ba yawan yarukan da ka ɗanɗana ba.