Awon sida: uwargida ta yi, saura maigida

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Daga Tawa, Maraɗi da Damagaram motoci suna cika da masu tafiya bida, wasu Abijan, wasu Kano ko Ikko, wasu Libiya. Sai hadarin farko ya taso su komo gida su ɗauki sungumi. Kafin a tafi, da kuma in an komo, akwai wata ƴar tafiya da muke roƙon kowane magidanci ya yi: daga gida zuwa likita, a auna jininsa.

Ba muna cewa ƴan bida kaɗai ke kamuwa da sida ba. Wanda bai taɓa barin garinsu ba ma yana kamuwa. Tun shekarar 1987 aka ga ciwon a Nijar. Binciken da aka yi a 2002 ya nuna kusan mutum 9 cikin 1000 na manya suna ɗauke da ƙwayarsa; a 2012 sun ragu zuwa 4 cikin 1000. Abin godiya ne. Amma gidan da ciwon ya shiga, wannan lissafi ba ya share masa hawaye.

Ƙwayar sida tana aiki kamar ƙwaron wake cikin buhu. Daga waje buhu a cike yake, sai ranar da aka kwance bakinsa a tarar da gari. Mutum yana iya ɗaukar ta shekara 5, har 10, yana noma, yana cin tuwonsa, ita kuwa tana cinye garkuwar jikinsa. Ido ba ya ganinta, boka ba ya ganinta. Awo kaɗai ke nuna ta. Ɗigon jini ne daga yatsa, cikin rabin awa an san sakamako. In an ga alama, sai an sake wani awon kafin a tabbatar. Wanda yake zaton bai daɗe da haɗuwa da ita ba, ya koma bayan wata 3, don sabuwar kamuwa takan ɓuya ma awo.

Mata sun riga maza a wannan hanya. Mace mai ciki in ta je awo, ana yi mata tayin awon sida tare da sauran awon. Dalili kuwa babba ne. In uwa tana da ƙwayar kuma ba ta shan magani, cikin jarirai 100, daga 15 zuwa 45 suna iya kamuwa, a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono. In tana shan magani yadda aka ce, ba su kai 5 ba. Kuma ba a hana ta shayarwa.

To, a nan ne magana take. Da yake mace aka fara aunawa, ita ake ɗora ma laifi. Tana komowa gida da nauyi a zuciya, tana tsoron in ta faɗa a kore ta. Wata ta ɓoye magani cikin kwalla, tana sha a sace. Wata ta daina zuwa likita ɗungum. Maigida kuwa bai san halin jininsa ba, ga kishiya a ɗayan ɗaki, wataƙila ma yana shirin ƙarin aure bayan ya komo da kuɗi. Mu dai a ganinmu wannan ba adalci ba ne, kuma ba dabara ba ce. Wanda aka fara aunawa ba lalle shi ya fara kamuwa ba. Akan samu ma'aurata da suka shekara da shekaru tare, ɗaya yana da ƙwayar, ɗaya ba shi da ita. In sun je tare, a gaban ma'aikacin likita za su ji, shi ne zai kwantar musu da hankali, ya nuna musu yadda za a kare mai lafiyar.

Da can mutane suna gudun awo don sun ɗauka takardar mutuwa ce. Wannan zamani ya wuce. A 2004 aka fara ba da maganin sida kyauta a Nijar. Yawancin masu sha, ƙwaya ɗaya ce kowace rana. Ba ya fitar da cutar daga jiki, amma yana danne ta. Mai shan sa kullum, har awo ya nuna cutar ta kwanta, ba ya sa ma abokin aurensa ita ta wurin kwanciya.

Ƙofar likita ta kowa ce. Makiyayin da ya sauka kwana biyu a bakin rijiya, kurma, makaho, mace mai zaman kanta, ɗan kaso, duka suna da hakkin a auna su ba tare da harara ko baƙar magana ba. Dokar 2007, wadda aka sabunta a 2015, ta hana tona asirin mai ciwon, ta hana nuna masa bambanci. Muna tuna ma ma'aikata wannan, don a ƙauye magana ɗaya in ta fita daga ɗakin awo, kafin la'asar ta kai bakin kasuwa, gobe kuma ba mai zuwa.

Sauro ba ya ɗaukar sida, haka cin abinci kwano ɗaya ko gaisawa da hannu. Hanyoyinta su ne kwanciya ba kwaroron roba, jini, da uwa zuwa ɗa. Don haka wurin wanzami, ko aski ne, ko kaciya, ko ƙaho, a nemi sabuwar reza. Mai tarin fuka shi ma ya yarda a auna shi, don ciwon nan biyu sun saba tafiya tare.

Wanda ya riga ya fara magani kuma yana shirin tafiya bida, ya gaya ma ma'aikacin likita tun bai hau mota ba. Ya nemi wanda zai ishe shi, ya tambayi inda zai karɓi wani a can, ya sa takardarsa cikin jaka tare da katin ɗan ƙasa.