Kula da Murya: Abin da Ya Kamata Mawaƙi da Ɗan Wasa Su Sani

Daga ina murya take fitowa?

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka ce "aaa". Rawar da ka ji daga wasu 'yan tsoka biyu ne da ke cikin maƙogwaro, waɗanda ake kira igiyoyin murya. Iskar huhu ce ke kaɗa su, suna haɗuwa suna rabuwa fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya a muryar namiji, kimanin 200 a ta mace.

Me ke ɓata su?

Yawan aiki babu hutu. In ka kwana kana waƙa a gidan biki, ko kana maimaita ihu gaban kyamara, igiyoyin sukan kumbura, murya ta dushe. In ka matsa a haka, sai su yi kanta irin ta tafin hannun manomi, su kasa haɗuwa sosai. Wani lokaci jijiyar jini ce ke fashewa. Hakan ya sami mawaƙiyar Ingila, Adele, a 2011: ta soke wasanninta, aka yi mata tiyata a Boston ta Amurka.

Taba da shisha suna ƙona su. Ƙurar hunturu tana busar da su. Ƙwannafi ma maƙiyi ne, domin ruwan tsamin ciki yakan hauro har maƙogwaro, musamman in ka ci mai da yaji ka kwanta nan take.

To zuma da citta fa?

Sha abinka, suna sanyaya maƙoshi. Amma ka sani ba sa isa ga igiyoyin, don hanyar abinci daban, ta iska daban. Illar ita ce ka ji daɗi ka ɗauka ka warke, ka koma gaban makirufo alhali kumburin na nan. Ruwa kuwa ta cikin jiki yake aiki, a hankali, shi ya sa ake shan sa tun safe, ba sai an kusa hawa dandamali ba. Tururin ruwan zafi da ka shaƙa shi ne ke kaiwa gare su kai tsaye.

Kafin ka fara aiki, rufe baki ka riƙa rera sauti a hankali na 'yan mintuna. In murya ta dushe, yi shiru. Raɗa ba hutu ba ce, tana ƙara gajiyar da igiyoyin, haka ma yawan gyaran murya.

Yaushe za ka je asibiti?

In dushewar ta wuce mako uku, ko ka ga jini, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Zai leƙa igiyoyin da 'yar kyamara. Mai shan taba kada ya yi jinkiri ko kaɗan, domin ciwon dajin maƙogwaro yakan fara da dushewar murya.

Nawa zai ci maka?

Ruwa, barci da shiru kusan kyauta ne. Kanta sau da yawa takan baje da hutu da horon murya. Tiyata ce mai tsada, ga makonnin da za ka yi ba ka karɓi aiki ba.